Kwali na Sha Bakwai

Hantsaki muke kiranta, ita ma har ta saba, idan wani baƙo ya kira sunanta na yanka sai ta waiga tana neman mai shi. Shekara goma sha ɗaya teburina yana manne da nata, gwiwar hannuna tana gugar tata, don haka kada wani ya ce mini ji na yi. Da idona na gani, kuma hannuna yana ciki dumu-dumu. Wanda yake son labari mai daɗi ya tashi tun yanzu, ban ajiye masa komai ba.

Ubanta mai gyaran agogo ne. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. 'Ya'yansa maza uku duk sun guje wa sana'ar, ita ce ta zauna. Tun tana 'yar shekara tara take nemo masa ƙusar agogo idan ta faɗi ƙasa, ƙusar da ba ta kai ƙwayar gishiri ba. Dokar tsohon ɗaya ce: abin da ka ciro daga agogon mutum, ko ya ci tsatsa ko ya karye, ka ƙunshe masa a takarda ka miƙa masa kayansa, ba a zubar da komai. Da agogon batir ya kashe kasuwar, tsohon ma bai daɗe ba ya rasu. Ta auri wani direban bas, ta haifi 'ya ɗaya, ta yi shekaru tana haɗa cikin rediyo a wata masana'anta har aka rufe ta. Tana da shekara arba'in da ɗaya ta ga tallar aiki a cibiyarmu, wai ana neman masu natsuwar hannu. A ranar gwaji aka ba ta gashi guda ta ɗauka da hantsaki ta sa a leda, ta yi kafin mai gwajin ya gama gyara zamansa.

Bari in faɗi aikin, don mutane da yawa idan na ce musu tarkacen roka muke aunawa sai su ɗauka sama nake hawa da kwando. Roka ba a dunƙule take isa sama ba, hawa-hawa ce, kowane hawa ya ƙone mansa ya saki. Na ƙarshen, wanda ya raka tauraron ɗan'adam inda za shi, shi ake bari a can yana ta kewaya duniya, tanki ne da ɗan ragowar mai a ciki. Rana ta gasa shi, sanyi ya kama shi, shekara biyar, shekara goma, wata rana sai ya tashi da kansa. Ya zama gutsuttsari dubu-dubu, kowanne yana gudun da harsashi ma ba ya kamo ƙurarsa. Manyan, masu girman dunƙulen hannu zuwa sama, na'urorin ƙasa suna hango su suna ƙirgawa. Ƙananan ba mai ganinsu, kuma su ma duk abin da suka samu sai sun huda shi. To yaya za ka ƙirga abin da ba ka gani? Sai ka fasa irinsa a ƙasa ka ƙirga.

Abin da cibiyarmu ta yi ke nan. Aka samo tanki irin na saman, aka sa shi a wani ƙaton ɗakin ƙarfe da aka liƙe bangonsa da soso mai kauri, aka tarwatsa shi. Fashewar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma tsince abin da ya nutse a cikin soson ya ci mana shekara goma sha ɗaya.

Mu shida ne, a wani dogon ɗaki a hawa na biyu, mai taga ɗaya da ba a buɗewa don kada iska ta ɗauke guntu. Kowa da fitilarsa mai lanƙwasasshen wuya, da gilashin ƙara girma, da hantsaki, da ɗan ma'auni mai baki biyu, da sikeli a cikin akwatin gilashi. Za a kawo maka yankan soso kamar na burodi, ka tsattsaga shi a hankali, ka ciro guntu, ka auna tsawo da faɗi da kauri da nauyi, ka sa a 'yar leda, ka liƙa sitika, ka buga hatiminka. Hatimin lamba ce kawai. Nata huɗu, nawa biyar. Doka ta ce duk abin da tsawonsa ya kai milimita biyu a ƙirga shi, abin da bai kai ba ƙura ce, a share.

To ga inda gizo ke saƙar. Tankin nan an naɗe shi da wani baƙin zare mai tauri, da ya fashe sai zaren ya karairaye ya zama abin da muke ce wa allurai. Tsawonsu ya wuce milimita biyun, wasu har goma, amma siraran kamar gashi. Tsinannun abubuwa! Su ratsa safar hannu su shige yatsa, ka yi kwana uku kana susa. Ka ɗora ɗaya a sikeli, numfashinka kaɗai ya ɗauke ta, ka shiga lalube a ƙasan tebur. Kafin ka gama da allura ɗaya ka auna gutsuren ƙarfe goma, ga shi kowane ƙarshen mako ana liƙa takarda a ƙofa, wa ya gama yankan soso nawa.

Mu biyar ɗin sai muka mayar da allura ƙura. Ba wanda ya ce mu yi, ba mu kuma zauna muka ƙulla ba. Da gefen ɗan ƙaramin yatsa ake yi, a ture ta zuwa bakin tebur ta faɗa kwandon shara, ko kallonta ba a yi. Wanda ya zo sabo ya ga na kusa da shi yana yi, shi ma ya ɗauka.

Ita kuwa Hantsaki ƙirga su take yi, ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaure bakinta da hancinta da ƙyalle, ta riƙe numfashi, ta kwantar da allurar a kan farar takarda, ta sunkuya har goshinta yana taɓa fitila. Kullum ita ce ta ƙarshe a takardar ƙofa.

Na ce mata, "Yaya, ke kam kin cika ƙaƙale. Wa ya aike ki?"

Ta ce, "Ƙanwata, doka tsawo ta ce, ba ta ce kauri ba. Abin da ya soke ki a nan yana zaune, me kike tsammani zai yi a can yana gudu?"

Na ce to Allah ya ba da sa'a, na ture tawa cikin kwando a gabanta. Ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba, ba ta taɓa yi mana wa'azi ba. Wannan ma ya fi ba mu haushi.

Mijinta yakan biyo da bas idan ya tashi aiki da wuri, ya tsaya a bakin ƙofar cibiya yana danna ham kamar gidan ubansa. Ƙaton mutum ne mai dariya da ciki. Idan ya gan ni sai ya leƙo ta taga ya ce, "Ƙanwarmu, yau matata ta gama share sama? Gidanmu ga ƙura nan har saman kabad, ita tana can tana yi wa taurari shara!" Tsiya kawai yake mata, amma duk fasinjan da ya zauna kusa da shi sai ya ji cewa matar direba da roka take aiki. Ita kuma ta hau tana murmushi tana murza ido. A shekarun nan sau uku ta canza tabarau, kowane ya fi na baya kauri.

A shekara ta uku wani abu ya faru da ban ɗauke shi a bakin komai ba. Wata Talata da hantsi na ji ta ja numfashi kamar wadda ta fasa farantin maƙwabta. Na leƙa. Wata doguwar allura ce ta karye biyu a bakin hantsakinta, ita ce ta farko kuma ta ƙarshe da na taɓa gani. Ta haɗa guntayen baki da baki a kan takarda, ta auna su a matsayin ɗaya, ta zuba su a leda ɗaya, sannan ta ɗauki siririn alƙalami ta rubuta a ƙasan sitikar: "Ta karye a hannuna. Ɗaya ce." Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce wa take rubuta wa wasiƙa, taurari? Ta sa ledar a kwalin da take cikawa a lokacin, na sha bakwai, ta ci gaba da aikinta.

Wani masani da muke kira Dakta ya zo shugabancin sashen a shekara ta tara. Ɗan siririn mutum ne, kullum fes, takalminsa kana ganin fuskarka a ciki. Bai taɓa taɓa soso da hannunsa ba, idan ya shigo ɗakinmu a bakin ƙofa yake tsayawa. Yana da wani lissafi da ya yi suna da shi tun yana matashi, wanda ke faɗin gutsuttsari nawa tanki zai haifar idan ya fashe. Da aikin ya zo ƙarshe aka tattara awon kowa, na tebura biyar ya kwanta luf a kan lissafinsa. Na tebur na huɗu, wato nata, ya miƙe tsaye, kusan ninki uku a kowane yankan soso.

Ya kira mu ofis ɗaya bayan ɗaya. Da layi ya zo kaina bai ce in zauna ba. Ya juyo da takarda ya nuna mini da bayan alƙalami.

Ya ce, "Abu biyu ne, babu na uku. Ko dai tebur na huɗu yana ƙarawa, ko sauran biyar suna ragewa. Ke da kike kusa da ita, wanne kika gani?"

Ni ba yarinya ba ce, na gane. Idan awonta gaskiya ne, to mu biyar shekara goma sha ɗaya muna zuba aikin cibiya a kwandon shara, kuma lissafin Dakta ya zama tatsuniya. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ni ban tsaya a shafa ruwa ba.

Ya ce, "Kin taɓa ganin allura ta karye a hannunta?"

Na ce, "Na taɓa gani, ranka ya daɗe."

Gaskiya na faɗa, ai ko? Wallahi babu ƙarya ko ɗaya a cikin kalmomin nan. Bai tambaye ni sau nawa ba, bai tambaye ni me ta yi da guntayen ba, ni ma ban buɗe baki ba. Ya tura mini takarda an riga an buga ta, na sa hannu. Da na fito har ruwan sanyi na saya na sha, don na ji nauyi ya sauka daga kaina. Abin kunya ne amma haka aka yi.

Kwamitin mutum uku ne, Dakta a tsakiya. Ta zo da kayanta masu kyau, an yi musu guga, tana riƙe da hantsakinta a cikin kube kamar za a ce ta gwada. Aka karanta mata: wai tana kakkarya allurai da gangan ta mayar da ɗaya uku, don ta rufe nawarta, kuma akwai shaidar maƙwabciyar teburinta. Ina zaune a bayan ɗakin ina ƙirga tayal.

Ta ce, "Ranku ya daɗe, sau ɗaya ta taɓa karyewa, kuma na rubuta a jiki. A buɗe kwali na sha bakwai, tana ciki."

Dakta ya yi murmushi ya dubi na hagunsa ya dubi na damansa. Ya ce, "Baiwar Allah, kwamiti ba tonon shara ya zo yi ba."

Suka yi dariya. Cikin minti ashirin aka gama da shekara goma sha ɗaya. Aka rubuta kalmar ha'inci a takarda aka sa a fayil ɗinta, aka karɓe hatiminta a nan take, aka cire awonta daga rahoto. Kwalayenta sittin da uku aka naɗe su da gam aka sauke su ɗakin ajiya na ƙarƙashin gini, kusa da tsofaffin kujeru. Ba a kore ta ba, wai an tausaya mata. Aka zaunar da ita a wata 'yar taga a hawan ƙasa tana raba wa ma'aikata safar hannu.

Da za ta fita daga ɗakin kwamitin ta dube ni sau ɗaya ta cikin tabaran nan mai kauri. Na so ta zage ni, wallahi na so. Washegari dole na je tagar karɓar safa. Ta sunkuya ta lalubo wata daga ƙasan kwali ta miƙo mini, ta ce, "Ɗauki wannan, ƙanwata, ta fi kauri, allura ba ta ratsa ta." Na karɓa na tafi.

Mutane fa ba su da kirki, kuma idan na ce mutane har da ni. Sauran huɗun nan da ta rufa wa asiri shekara da shekaru su suka fi kowa cin namanta. Suka sauya mata suna, ta koma Mai Karairaya. Wani ya tsiro da wasa: idan ya zo tagarta sai ya fito da biskit ya karya shi ƙas a gabanta ya ce, "Yaya, nawa ke nan, ɗaya ko biyu?" Duk layin ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, Allah shaida ne na yi, don wanda bai yi dariya ba za a ce yana bayanta.

Mijinta Direba ya daina danna ham. Wata rana da azahar ya ajiye bas ɗin cike da fasinja a bakin titi ya nufo ƙofar cibiya yana ihu a fito masa da wanda ya ce matarsa maha'inciya ce. Masu gadi uku suka tura shi waje har hularsa ta faɗi a kwata, fasinjojinsa suna kallo. Daga ranar bai sake faɗa wa kowa inda matarsa take aiki ba. Bayan shekara biyu hawan jini ya kayar da shi a gida, bai tashi ba. Na je gaisuwa na tsaya a cikin taron mata, ban bari ta ji muryata ba.

Idonta ya ci gaba da tafiya har ta daina bambance safar hagu da ta dama, likita ya rubuta, aka sallame ta. Ba ta nemi komai a wurin cibiya ba sai abu ɗaya. Kowace shekara, a watan da kwamitin ya zauna, takan sa 'yarta ta rubuta wasiƙa mai layi biyu: a buɗe kwali na sha bakwai, a cire takardar da ke fayil ɗinta. Na san haka don ni aka ba shugabancin ɗakin daga baya, kuma ta teburina wasiƙun suke bi zuwa ofishin Dakta. Guda biyar na miƙa da hannuna. Ba a amsa ko ɗaya ba.

Rana ba ta ƙarya. Wani tanki irin namu ya fashe a can sama da gaske. Bayan wani lokaci aka sauko da wani faranti daga jikin wani kumbo da ya daɗe yana kewayawa a yankin, aka sa shi a gilashin ƙara girma, sai ga shi duk 'yan tsage-tsage, dogaye sirara, ba iyaka. Allurai ne. Yawansu ya yi wa lissafin Dakta fintinkau. Cibiyoyi suka shiga tambayar juna ko akwai wanda ya taɓa auna irin waɗannan, tsawo da nauyi, ɗaya bayan ɗaya. A duk duniya wuri ɗaya ne kawai yake da su, ɗakin ajiyarmu na ƙasa, kusa da karyayyun kujeru.

Dakta ya tsinci dami a kala. Amma akwai ƙa'ida a cibiya: awon da ke ɗauke da hatimin wanda aka samu da ha'inci ba ya shiga rahoto. Kafin ya shiga sai an sake zaman kwamiti, an buɗe fayil, shugaba ya ce ya yi kuskure da bakinsa. Ya kira ni ofis. Wannan karon ya ce in zauna, har shayi ya sa aka kawo.

Ya ce, "Za a sake tantance kwalayen nan. Ki duba kowace leda, ki cire tsohuwar sitika, ki sa sabuwa, ki buga hatiminki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai awonta ne."

Ya ce, "Awon wa? A fayil dai an ce ita maha'inciya ce, kuma ina ganin sa hannunki ne a ƙasan shaidar. Idan takardar nan ta faɗi, ke a kan me za ki tsaya?" Ya tura mini kofin. "Sha shayinki kada ya huce."

Na sha kuwa.

Ledoji ɗari biyu na farko na sake auna su da gaske, ina fata in samu kuskure ko ɗaya in riƙe shi in ji daɗi. Ko gashi bai gitta ba. Matar nan da idonta ke mutuwa ta fi ni daidai da nawa idon biyu lafiyayyu. Daga nan na daina aunawa, na koma ɓarewa kawai. In kwafe lambobinta a sabuwar sitika, in ɓare tsohuwa da farce, in liƙa, in buga biyar a inda huɗu yake. Allurai dubu ashirin da shida, wata huɗu cur. Farcen babban yatsana ya cinye har ya bar tsoka a waje, na naɗe shi da filasta na ci gaba.

A mako na biyar na iso kwali na sha bakwai. Na san tana ciki, na yi ta jan ƙafa, amma leda ba ta guduwa. Ga guntaye biyu kwance a kusurwa, ga rubutunta ƙanana a tsaye kamar na 'yar makaranta: "Ta karye a hannuna. Ɗaya ce." Ofishin mai rajista, inda fayil ɗinta yake, hawa ɗaya ne a samana, matakala goma sha takwas. Na zauna da ledar a tafin hannuna har fitila ta fara ƙona mini goshi. Sannan na ɓare sitikar a hankali don kada ta yage, na manna ta a cikin jakata, na liƙa sabuwa babu wani bayani, na buga biyar.

Rahoton ya fita ya yi farin jini. Dakta ya gyara lissafinsa, aka ce shi ne ya fara gano haɗarin allurai, aka gayyace shi nan aka gayyace shi can. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A shafin godiya an yaba wa tebur na biyar saboda haƙuri da ƙwazo, aka ba ni allon yabo na katako a gaban ma'aikata, mai wasan biskit shi ya fi kowa tafi.

Bayan mako biyu 'yarta ta kira ni a waya. Ta ce, "Anti, Mama ta ji a rediyo ana maganar allurai. Tun shekaranjiya ba ta zauna ba, ta ce don Allah ki zo."

Na je ranar Asabar da la'asar. Ɗaki ne ƙarami a bayan wani shagon ɗinki. Agogon ubanta yana rataye a bango yana tafiya, kusa da hoton Direba ya jingina da bas ɗinsa. Tana zaune a kujera a bakin taga, don haske kaɗai take gani yanzu. Kayan da ta sa ranar kwamiti su ne a jikinta, an yi musu guga, sun yi mata yawa. 'Yar tana tsaye a bakin ƙofa da takarda da alƙalami a hannu.

Tana jin sallamata fuskarta ta washe. Ta ce, "Ƙanwata! Ban ce miki za su huda ba? Zo nan, zo kusa. Sun sauko da kwalayena?"

"Sun sauko da su, Yaya."

"Sun buɗe?"

"An buɗe duka."

"Har na sha bakwai?"

"Har shi."

Ta ɗaga hannu sama ta ce alhamdu lillahi sau uku. Ta juya wajen ƙofa ta ce wa 'yarta, "Kin ji ko? Da babanki yana nan." Sannan ta ce da ni, "To takardar fa? Yaushe za su cire? Ga yarinyar nan za ta rubuta wasiƙar bana, na ce ta dakata, wataƙila ta godiya za mu rubuta."

Na matsa kusa da kujerarta na durƙusa. Ta miƙo hannu tana lalube har ta kamo nawa, ta riƙe kamar za ta lallashe ni. Yatsunta suka bi ta tafina suka hau babban yatsa, suka tsaya a inda farce ya cinye. Ta shafa wurin sau biyu. Hannun mai gyaran agogo ne, ba ya buƙatar ido.

Ta ce, "Wannan ba ciwon allura ba ne. Wannan na ɓare sitika ne."

Na so in janye hannun, ta riƙe gam.

"Duka?"

"Duka, Yaya."

"Lamba nawa aka buga?"

"Biyar."

'Yar ta taso kaina, ta ce in fita daga gidan uwarta, ta kira ni da sunan da na cancanta. Uwar ta ce, "Ke, zauna. Baƙuwa ce." Ba ta saki hannuna ba. Agogon nan ya yi ta bugawa, keken ɗinkin maƙwabci yana ta kuka ta bango. Ban san tsawon lokacin ba. Hawaye bai zo mata ba, fuskar ce kawai ta koma yadda take a tagar safa.

Ta ce wa 'yar, "Ajiye alƙalamin. Bana ba za mu rubuta ba."

Sannan ta juyo gare ni, muryarta irin ta wurin aiki, kamar tana nuna wa sabuwar ma'aikaciya inda ake ajiye leda.

Ta ce, "A kwali na sha bakwai, layi na uku daga hagu, akwai leda mai guntu biyu. Allura ɗaya ce. Kin rubuta haka a sabuwar sitikar?"

Na ce, "Ban rubuta ba."

Ta ce, "To ki koma ki rubuta. Yanzu hatiminki ne a kai. Kada wata rana wani ya buɗe ya ce ke kika karya."

Ta saki hannuna, ta ce wa 'yarta ta raka ni bakin titi don akwai rami a ƙofar shagon.

Wata takwas bayan nan ta rasu, takardar tana nan a fayil ɗinta. Dakta ya yi ritaya bara da walima da jawabai. Sitikar tana cikin jakata har yau, a bayan katin aikina, rubutun ya fara dusashewa. Ofishin mai rajista bai tashi daga inda yake ba, matakala goma sha takwas ne, kuma kullum da safe ta gindinsu nake wucewa in tafi teburina.